Ƙudajen da Kake Zubarwa da Asuba

Unguwar Zango, Agege, Legas.
Litinin, 27 ga Mayu.

Zuwa ga Baba Ƙarami,

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin ƙoshin lafiya, kai da matarka A'ishatul Humaira da yara, da duk wanda ke cin abinci a gidanka a can Lere. Allah ya sa damina ta sauka muku da albarka, ya kare ku daga zazzaɓin da ke zuwa da ita, ya jiƙan mahaifinka Alhaji Jumare ya haskaka kabarinsa. Mu a nan muna godiya. Gwiwata ta hagu tana nan yadda ka san ta, in hadari ya haɗu ita ke fara sanar da ni. Ruwan shekaranjiya ya cika kwatar layinmu har ya shigo zaure, sai da muka ɗaga buhunan gawayi. Ƙanwarka Mubina tana zuwa aikinta, sai dai kwana shida ke nan ba ta cin abincin kirki, kuma ka san dalili.

Ka san ba al'adata ba ce in zauna in yi doguwar magana da kai a waya. Kai ne ɗan fari, haka aka rene mu, bakina ba ya buɗewa a gabanka. Shi ya sa na ɗauki biro, zan ba Yakubu direba, wanda ya kawo mangwaron, ya damƙa maka hannu da hannu in ya sami lodin komawa. Ka karanta kai kaɗai, ka karanta har ƙarshe. Ranar Juma'a bayan masallaci Baffanka Sanda ya tara mu a ɗakina, ya ce a karɓe gonar mahaifinka daga hannunka a ba da ita haya, kai kuma ka dawo Legas ka zauna a rumfarsa inda idonsa zai riƙa ganinka. Ya ce mutumin da ya yi wa na'ura ƙarya ba abin da zai hana shi yi wa ɗan Adam. Na roƙe shi ya ba ni zuwa yau Litinin. Kafin in gaya maka amsar da na ba shi, sai ka ji abin da ka sa idona ya gani, domin har yanzu in na tuna sai in ji kamar ba a jikina ya faru ba.

Zan maimaita maka abin da ka riga ka sani game da tarkunan ƙudan mangwaron nan, don kada ka ɗauka tsohuwa ce aka karanta wa lamba a waya ta gyaɗa kai. Na yi sakandare, kuma da Mubina ta zo da zancen cewa kamfanin da take wa aiki yana neman gonar mangwaro a Arewa da zai kafa su, sai da na sa ta zauna ta yi mini bayani dalla-dalla. Ta ce macen ƙudan ita ke huda ɓawon mangwaro ta zuba ƙwai, a waje ba a ganin komai sai ɗigo kamar bakin allura, a ciki kuwa tsutsa tana shan daɗinta. A cikin kowane tarko an rataye ɗan ƙulli mai ƙamshi kamar na kanumfari, wanda mazan ƙudan ba sa iya ji su wuce, sai su shiga, ba kuma fita. Na ce mata ashe har a cikin ƙwari bin ƙamshi ke halaka namiji. Ta yi dariya, ni ban yi ba. A jikin murfin akwai ƙaramar kyamara mai aiki da hasken rana, kullum ƙarfe takwas na safe ta ɗauki hoton abin da ya faɗa, na'ura ta ƙirga, lamba ta iso wayar Mubina a nan Agege. In lambar ta yi sama an san ƙuda ya taso, sai a ƙara tarkuna, a tsince duk mangwaron da ya faɗo a binne shi, a sauke kayan da wuri kafin a gama huda su. Amfanin abin ke nan gaba ɗaya, ya faɗa maka ɓarawo ya shigo tun yana bakin danga.

Tarko goma sha biyu aka rataya maka. Makon farko lambar ta kai tamanin, sai kuma ta faɗo warwas, kullum uku, kullum huɗu, wata rana biyu. Mubina ta ce tarkunan ne suka cinye su, har ogansu ya sa hoton gonarmu a gaban taro yana nuna wa baƙi. Ni kuma na ɗauki wannan lamba na sa ta a bakina na kai ta kasuwar Mile 12. Ka san Alhaja Sikiratu, Bayarabiyar nan da ta shekara ashirin da biyar tana sayen kaya a hannun mahaifinka, wadda ta rufe rumfarta kwana uku da ya rasu. Na ce mata bana mangwaro fafaranda na gidan Alhaji Jumare ba shi da tsutsa ko ɗaya, na'ura ta shaida, ni ma na shaida. A kan maganata ta sallami mutanen Binuwai da suka saba kawo mata, ta yi wa masu otal ɗinta alkawari.

Ranar Talata da motar ta iso, ni da kaina na sa sabon mayafi na hau danfo, motar hayar nan ta Legas, abin da na shekara ban yi ba. Da aka buɗe tamfol, wallahi sai da hawaye ya zo mini, kaya jawur, manya-manya, kamar lokacin da mahaifinka yake raye. Alhaja ta zaro wuƙarta, na ce mata ta mayar, wannan kaya ba ya bukatar bincike. Ta ce ai maganar matar Alhaji ta ishe ta, guda ɗaya kawai za ta yanka mu raba ni da ita, mu sa albarka. Ta zaɓi wanda ya fi kyau, ta tsaga, ta miƙo mini rabi. Har na kai shi kusa da bakina. Baba Ƙarami, cikinsa motsi yake yi. Fararen tsutsotsi, wasu har tsalle suke yi suna faɗowa a kan mayafina. Na ce guda ɗaya ne, ba a rasa irinsa. Ta yanka na biyu, ta yanka na uku, ta sa aka sauko da kwando daga can ƙuryar mota. A cikin ashirin da ta yanka, uku ne kawai masu lafiya.

Ka san kasuwa. Kafin in ɗaga kai mutane sun zagaye mu. Wani ɗan dako mai furfura, wanda ya isa ya san daidai, ya ce wannan mangwaro da namansa ya zo, kamata ya yi a ƙara masa daraja. Wani ya ce a kira masu kiwon kaji, yau kakarsu ta yanke saƙa. Wani dillali da mahaifinka ya koya wa sana'a ya tambaye ni, wai ko na'urar tamu tana bukatar tabarau ne. Alhaja ta daka musu tsawa da Yarabanci suka watse. Sannan ta goge wuƙarta a gefen zaninta, ta dafa kafaɗata, ta ce mini in yi haƙuri. Ita ce ke ba ni haƙuri, ita da na sa ta kori masu kawo mata kaya. Da zagina ta yi da na fi samun sauƙi. Ban san yadda na dawo gida ba, na dai san kwandasta ya taɓa ni sau biyu kafin in gane mun iso Agege.

Allah ya sani, kai ba ka zo mini a rai ba ko sau ɗaya. Na'urar na tsine wa. Washegari na ce wa Mubina ta wuce gaba ta kai ni ofishinsu, ina da magana da wanda ya ƙera wannan abin ƙarya. Aka haɗa ni da injiniyarsu, Madam Chundung, 'yar Jos ce, tana jin Hausa. Na zazzage mata duk abin da ke cikina, ba ta katse ni ba, sai Mama take ce mini. Da na gama ta ce bari ta duba wani abu da ba su cika dubawa ba. Ashe kowane tarko yana rubuta lokacin da aka ɗaga murfinsa, kuma ƙa'ida sau ɗaya ake ɗagawa a mako biyu. Na ga ta dubi Mubina, ta juyo mini da allon kwamfutarta. Ƙarfe shida saura minti goma an buɗe tarko na ɗaya. Shida da 'yan mintuna, na biyu. Haka bi da bi har na goma sha biyu, kafin bakwai an gama. Washegari haka. Kwana arba'in da tara a jere, babu fashin ko ɗaya. Na ƙirga da yatsuna, na ga kwanakin ƙarshe na azumi suna ciki, na ga safiyar Ƙaramar Sallah tana ciki.

Duk da haka na ce wani maƙiyi ne, ko makiyayi mai wucewa. Madam ta ce in an ɗaga murfi kyamarar tana ɗaukar hoto ta ajiye, ba ta aikowa sai an nema, ta tambaye ni ko ina so a nema. Mubina ta ce Hajiya mu tafi gida. Na ce a nema. Sai ga fuskarka ta cika allon. Shekara biyu rabona da ganinka, a nan na gan ka, a ofishin mutane, ka rame, furfura ta fito maka a gemu, carbinka na asuba a naɗe a hannu. A wani hoton ana ganin gwangwanin baƙi ƙirin da ƙuda. A wani kana juye shi a leda. Wanda ya fi tsaya mini a rai shi ne wanda kake tsamo uku ko huɗu da yatsunka kana mayarwa, don kada a ga babu komai a yi zargi. Na nemi kujera na zauna, aka kawo mini ruwa. Matar nan da na gama yi wa wankin babban bargo ita ce ta riƙa yi mini fifita da takarda.

Yanzu ka gaya mini, wace irin ƙarya ce wannan da mutum zai tashi daga kan sallaya ya tafi ya yi mata hidimar awa guda, kullum, har da azumi a bakinsa? Wahalar da ka sha kana zagaya tarko goma sha biyu, da tsintar mangwaron da ya faɗo ka yi da ita kana binnewa, da yanzu ba wannan maganar muke yi ba. Ƙuda yana cin gonar ubanka kai kana share masa sawu. Ka san hukuncin mai ɓoye aibin kaya, tun kana ƙarami ake karanta maka shi, kuma ka sa ni, da tsufana, na zama bakin da algus ya bi ya fita. Ka sa an kira ƙanwarka an yi mata tambayoyi kamar mai laifi, ka sa an cire hoton gonarmu daga inda aka liƙa shi. Barin kashi a ciki ba ya maganin yunwa. Wanda ya ɓoye ciwonsa, wata rana ciwon ne zai ɓoye shi. Mahaifinka ya taɓa mayar da mota guda ta lemo tun daga Ojota saboda ya ji warin ruɓa a kwando biyu, bai bari ta shiga kasuwa ba.

Ranar Alhamis Mubina ta kira ka, ta zo ta faɗa mini yadda kuka yi, kuma a nan ne na sha mamaki na biyu, wanda ya fi na kasuwa. Ta ce ba ka musa ba. Ka ce ba ka yi nufin cutar kowa ba, a zatonka tun da tarkunan suna kashe ƙudan, kayan sun tsira, lambar kuwa maki ce kawai ake ba ka kamar ɗan makaranta, ƙanwarka ce malama, ni ce mai duba sakamako. Ka ce makon farko da lamba ta kai tamanin, saƙo ya zo maka cewa Hajiya ta ce da mahaifinsa yana raye ƙuda bai isa ya sami wurin sauka ba. Ka ce ranar ba ka iya shan ruwa ba da aka kira magariba. Sai ka zubar da su washegari don ka huta kwana ɗaya, lamba ta faɗo, sai Mubina ta turo maka muryata ina cewa madalla, Allah ya yi masa albarka. Ka ce shekararka talatin da takwas ba ka taɓa jin wannan daga bakina a kanka ba, ka saurari saƙon har ba ka san adadi ba, daga nan kuma ka kasa dainawa.

Na ce wa Mubina ƙarya ne, ban faɗi maganar farkon ba. Ta ce na faɗa, ina tsintar shinkafa a tsakar gida, ko kaina ban ɗaga ba. Na zauna na yi ta tunani har na tuna. Maganar da na yar kamar tsakuwa a cikin shinkafa, ita ce ta tashe ka da asuba kwana arba'in da tara. Kada ka ɗauka ina wanke ka. Namiji mai iyali ba ya sayen albarkar uwa da ƙarya, kuma albarkar da aka samo ta wannan hanya ba ta bin mutum. Kunyar ɗan fari kuma ba ƙiyayya ba ce, uwata ba ta taɓa kallon yayanmu a ido ba, amma da ya yi haɗari a hanyar Ibadan ita ta fara suma. Sai dai ni ma na yi wa kaina hisabi. Na tuna duk wanda ya shigo gidan nan da labari marar daɗi, da wa'azi yake fita, shi ya sa kowa ya koyi ce mini lafiya lau. Mubina ma ta furta cewa ta taɓa faɗuwa jarrabawa a jami'a ta maimaita, ban sani ba sai ranar Alhamis ɗin nan. Ina zaune a tsakiyar gidana ina tsammanin na san komai, ashe abin da aka tace ake kawo mini. Wannan laifina ne, na kuma nemi gafarar Allah a kansa. Naka yana nan a wuyanka, bai ragu ba.

Tun daga ranar Laraba na hana a nuna mini wayar nan. Da Baffanka ya yi maganarsa ranar Juma'a, ban sami abin da zan kare ka da shi ba, domin gaskiya ya faɗa. Na yi istihara, zuciyata ba ta karkata ko'ina ba. Yau da safe, da na ji ƙarar wayar Mubina ƙarfe takwas, na ce ta kawo. Ta ce Hajiya ba kyau. Na ce ta kawo. Tarko na huɗu kaɗai ƙuda ɗari huɗu da goma sha biyu, gwangwanin ya cika har hoton ya yi duhu. Na ce ta duba mini murfin. Ta ce tun da kuka yi waya ranar Alhamis ba a ɗaga ko ɗaya ba, alhali babu wanda ya ba ka umarni, kuma ka san wannan lambar gabana za ta zo a ranar da ake shawarar raba ka da gonar. Ta ƙara da cewa Humaira ta gaya mata tun Juma'a kake haƙa rami kana binne abin da ya zube, har hannunka ya yi kanta. Mubina tana kallon lambar tana kuka, ni kuwa na ce alhamdu lillahi. Tun da aka rataya tarkunan nan, bayan makon farko, yau ne gonar ta aiko mini da gaskiya.

Na aika aka kira Baffanka, na nuna masa hoton. Ya ce wannan ai shaida ce a kanka. Na ce masa shaida ce, amma ta cewa ka bar ta ta iso. Na ce hannunka ba ya ruɓewa ka yanke ka yar, gonar za ta zauna a hannunka shekara guda, in aka sake ɗaga murfi ba ranar ƙa'ida ba, ni da kaina zan miƙa masa takardun gonar. Bai ji daɗi ba, ya ce zuciyar uwa ce, ya sa takalminsa ya fita, amma bai ce a'a ba.

Ga abin da nake so daga gare ka. Kafin Babbar Sallah ka shigo mota ka zo Legas, ka je Mile 12 da ƙafarka, ka tsaya a gaban Alhaja Sikiratu a rumfarta, da rana tsaka, ka faɗa mata abin da ka yi da bakinka. Ni na riga na je na faɗa mata cewa na'ura ba ta yi ƙarya ba, daga gidana abin ya fito, amma ban kama suna ba, na bar maka wannan. Daga nan ka bi ƙanwarka ofishinsu ka ba Madam Chundung haƙuri, nawa na riga na bayar. Abin da Mubina ta ce a yi wa sauran itatuwan da ba a sauke ba, ka yi shi, girman yaya ba ya zubewa don ya ji maganar mai ilimin abu. Sannan kowace Juma'a bayan masallaci ka kira ni, kai da kanka, ba ta bakin kowa ba, ka fara da abin da ya lalace kafin abin da ya gyaru. Ban yi maka alkawarin ba zan yi faɗa ba, tsufa ya riga ya same ni da halina. Na dai yi maka alkawarin zan saurara har ka kai aya, kuma ba zan sake auna ka da mamaci ba.

Ka gaishe mini da Humaira, ka ce na gode da daddawar da ta aiko, kuma ta daina rage maka abinci ko kai ka daina ƙin ci, ko wanne ne, abin da na gani a hoton nan bai yi mini ba. Ka gaishe da angona Mahbub, ka ce masa amaryarsa ta Legas ta yi fushi, ko cefane bai aiko ba. Ka shafa mini kan Shamsu. Ka kai gaisuwata ga Gwaggonka da Malam Abdulmuhaimin liman, da maƙwabcinka Jesse da iyalinsa. Mubina tana gaishe ka, duk da ta ce kada in rubuta.

Ta kuma ce lambar gobe za ta fi ta yau. To, ta fi ɗin. Ka bar ta ta zo yadda take, ƙarfe takwas zai same ni zaune.

Wassalam. Allah ya shirye mu baki ɗaya, ya yi maka albarka.

Ni ce,
Hajiya Ruƙayyatu Jumare.